Malama Asimina Sigala: Sun Shinshina, Suka Ce Sun Sani

Malama Asimina Sigala ta rasu ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, a wani asibiti a Atina, babban birnin ƙasarmu, tana da shekara hamsin da huɗu. Labarin ya riga gawar isowa tsibirinmu. Muna cikin darasin lissafi muka ji ƙararrawar coci tana bugawa ɗai-ɗai a hankali, irin bugun da ba a yi wa biki. Duk ajin ba wanda ya tambayi ko wane ne. Ranar Alhamis jirgin ruwa ya kawo ta, aka binne ta kusa da mahaifinta a maƙabartar bayan tudu. Allah ne ya ba mu aronta, shi ne kuma ya karɓi abinsa. Ba ni da ja da wannan. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne sunan da mutanen garin nan suka laƙa mata kafin ta tafi, da ajin da suka raba ta da shi, kuma saboda su na ɗauki alƙalami, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu.

Malama, shekara uku kina koya mana falsafa. A shekarar farko ba ki ji muryata ba sai wajen amsa suna. Wasu malaman sukan tsayar da ni gaban allo wai don su cire mini kunya. Ke ba ki taɓa yin haka ba. In an tashi sai ki ba ni littattafanki in riƙe miki, mu sauko matakala tare, ki yi mini tambayar da kika yi wa aji kamar yanzu ta faɗo miki. A kan matakalar nan na fara ba da amsa. Washegari sai ki ce wa aji, "Jiya wani ya gaya mini wata magana mai kyau," ki faɗe ta ba tare da kin dubi inda nake ba. Na daɗe kafin in gane cewa da gangan kike cika hannunki da littattafan da ba ki buƙata.

Ba na manta ranar da kika kwashe mu zuwa bakin tashar jirgin ruwa. Kika ari sandar tuƙi a wurin wani masunci, kika tsoma rabinta a ruwa, kika ce mu faɗi abin da muka gani. Lefteris, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Ta karye, Malama. Ki shirya, mai ita ba ya da haƙuri."

Kika ce, "Ka tabbata?"

Ya ce, "Idona biyu, kuma duka suna aiki."

Kika ce ya sa hannu ya taɓo mana inda ta karye. Ya durƙusa ya lalube ta tun daga sama har ƙasa, ya ɗago da hannun riga sharkaf, ya ce ashe idonsa maƙaryaci ne, kuma daga yau duk jarrabawar da ya faɗi laifin ido ne. Muka yi dariya. Ke kuwa kika ce, "Kada ka yi wa ido ƙazafi. Ido ya kawo maka abin da ya samu. Kai ne alƙalin da ya yanke hukunci bai jira sauran shaidu ba."

A nan bakin ruwa kika ba mu labarin gardamar magabatanmu, mutanen da suka zauna a gaɓar tekun nan tun kafin a gina coci ko ɗaya. Wasu a cikinsu suka ce komai yana sauyawa, ba abin da yake tsayawa har a kama shi a ce an san shi. Wasu suka ce sauyin da muke gani ruɗi ne, gaskiya ɗaya ce kuma ba ta motsi. Akwai waɗanda suka lura cewa zuma tana yi wa mai zazzaɓi ɗaci, sai suka ce kowa da tasa gaskiyar. Akwai waɗanda suka ce duk abin da ido ke gani inuwa ce kawai ta wani abu da hankali kaɗai ke isa gare shi, akwai kuma waɗanda suka ce a'a, daga ido za a fara, amma kada a tsaya sai an gano dalili. Muka matsa miki ki gaya mana wanda ya yi daidai don mu rubuta a jarrabawa. Kika ƙi. Kika ce abu ɗaya kawai kike so mu riƙe, wanda yawancinsu suka sha wahala a kansa, wato bambancin zato da sani.

Misalin da kika fi kawo mana na jirgin ruwa ne. A lokacin sanyi, in iska ta taso, kowa a tsibirin nan yana da ra'ayi kan ko jirgi zai zo. Tsoho a gidan gahawa ya ce zai zo saboda gwiwarsa ba ta yi masa ciwo ba, jirgin kuma ya zo. Kika tambaye mu, "Ya sani, ko dace ya yi?" Kika ce ko zato ya faɗa daidai bai zama sani ba, sai mutum ya iya faɗin dalili, dalilin kuma ya jure tambaya. Har iyayenmu sun gaji da mu a shekarar nan. Uwa ta ce miya ta yi gishiri, ɗa ya ce, "Kin sani ko zato kike?" Ana ta ba da labarin a gari ana dariya. A lokacin kowa yana alfahari da ke.

A watan Oktoba ciwon kai ya fara miki. Mu da muke zama a gaba mun ga kina dafe goshi, mun ga alli yana suɓuce miki. Daga baya maganarki ta fara sarƙewa, kalma ta zo bakinki ta ƙi fita. Wata safiya kika yi tangaɗi a gaban gidan burodi har kika dafa bango, mata suna layi suna kallo. Wadda ta tallafe ki ta ji warin raki, barasar gargajiyar tsibirin nan, a jikinki. Kafin rana ta take tsaka duk garin ya ji.

Gaskiya ne akwai warin. Mu ma muna jin sa in kika sunkuyo kan teburinmu. Amma ina so duk wanda ke karanta wannan ya tuna gidansu. Wane ne a tsibirin nan kakarsa ba ta taɓa murza masa raki a ƙirji ba in ya yi tari? Wane gida ne ba a jiƙa ƙyalle da shi a ɗaura wa mai ciwon kai? Kowace kaka tana da kwalbarta ta magani a bayan kwanuka, kuma duk mun tashi da wannan warin a wuyanmu. A garin da ba a san al'adar nan ba, da sai in yi wa mutane uzuri. A nan kuwa ba wanda bai san ta ba. Sai dai labarin malamar falsafa ta zama mashayiya ya fi daɗin taunawa, musamman mace mai shekara hamsin da ɗoriya da ba ta yi aure ba, wadda kuma ta koya wa 'ya'yan mutane yi wa iyayensu tambaya.

Kin je ƙaramin asibitinmu. Likitan sabon zuwa ne, amma maganar ta riga ki isa kunnensa. Ya matso ya duba idonki, ya shaƙi abin da aka gaya masa zai shaƙa, ya ba ki ƙwayar ciwon kai, ya ce ki rage. Bai ma faɗi abin da za ki rage ba. Kin yi wa shugaban makaranta, Malam Nikitas, bayani da bakinki. Da yamma aka ji shi a gidan gahawa yana cewa, "Ai kowa ya sha raki sai ya ce shafawa ya yi." Kafin Kirsimeti kwamitin iyaye ya nemi a ba ki hutu, aka ba ki. Babana ne shugaban kwamitin. Na rubuta wannan layin na goge, na sake rubutawa, domin ba zan ambaci mutanen wasu in tsallake nawa ba.

A watan Janairu na fara zuwa gidanku ranar Asabar da safe, da hujjar kai ƙwai. A nan na ga abin da ke faruwa da idona. Kina zaune a kan kujera kusa da murhu, mahaifiyarki Iya Zambeta tana tsaye a bayanki, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya wadda idonta ya yi rauni, ba ta fita sai coci. Ta tsiyaya raki a tafin hannu, ta murza miki goshi da ƙeya da wuya, tana addu'a ƙasa-ƙasa, tana yi miki faɗa kamar 'yar shekara bakwai. "Karatu ne ya cinye miki kai. Na faɗa tun kina ƙarama, kai ba buhu ba ne." Kika ce, "To, Iya, ki murza da kyau ko wasu littattafan sa fito." Ita a saninta hutu kika nema da kanki. Ba ta san abin da ake faɗa a gari ba, kuma kin hana kowa ya gaya mata.

Da kika rako ni ƙofa na yi ƙarfin hali na ce, me zai hana ki ce ta daina, ko warin ya tafi mutane su yi shiru. Kika daɗe kina neman kalmomin, sannan kika ce, "Maruso, shi kaɗai ya rage mata da za ta iya yi mini. In na karɓe shi, da me za ta zama uwa?" Kika ce abin da kike so kawai shi ne a mayar da ke aji kafin jarrabawarmu ta ƙarshe, domin ba mu gama ba.

Ranar Lahadin ƙarshen watan, bayan an tashi daga coci, kwamitin ya zauna a falonmu don a yanke ko za ki koma. Ni aka sa in kai gahawa. Na ajiye faranti, ƙafata ta ƙi tafiya. Na ji muryata tana cewa Malama ba ta sha, Iya Zambeta ce take shafa mata, na gani. Babana ya ce, "Ke, wa ya sa da ke? Koma ciki." Malam Nikitas ya ɗaga masa hannu yana murmushi, ya ce a bar yarinya ta yi magana, ai ɗalibar falsafa ce.

Ya ce, "'Yata, kin ga ana shafa mata. Da safe ko?"

Na ce da safe.

"Da rana kina nan? Da yamma fa?"

Na ce ba na nan.

"To, kamar yadda kuke cewa a ajinku, kin san ba ta sha, ko zato kike?"

Duk suka zuba mini ido. Zuciyata tana cewa in ce na sani, in rantse ma. Amma shekara uku kina koya mana kada mu kira abu sani in ba shi ba ne. Na ce, "Ban sani ba." Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Kun ji, ko lauyarta ba ta sani ba." Babana ya ce in ɗauko ruwa. Kafin in dawo sun gama, an ƙara miki hutu har ƙarshen shekara.

Ranar Asabar na zo ina kuka na gaya miki. Na zaci za ki yi fushi da ni. Sai kika yi dariya da rabin bakinki, domin ɗaya rabin ya fara ƙin motsi. Kika ce, "Amsarki daidai ce. Tambayarsa ma daidai ce, da ni ce da na ba shi maki. Kansa kawai ya manta ya yi wa ita." Kika share mini fuska da gefen mayafinki, kika ce in ci lemo. Rabona da jin doguwar magana daga bakinki ke nan.

Na yi ta juya wannan a raina tun daga ranar. Mutanen da ba su taɓa taka ƙofar gidanku ba sun ce sun sani, aka yarda da su. Ni da na shiga na gani na ce ban sani ba, aka yi mini dariya. Ba ki gaya mana ba, Malama, cewa a taron mutane mai tabbaci ne ke cin nasara ko da hannunsa wayam ne. Wataƙila a cikin darasin da ba mu kai ba yake.

A watan Fabrairu kika faɗi a tsakar gida. Aka ɗauke ki zuwa Atina, aka yi hoton kanki, aka ga ƙari a ƙwaƙwalwa ya girma har ya danne inda magana da tafiya suke. Likitocin can sun tambayi me ya sa ba a kawo ki tun kaka ba. Ba zan ce da an kai ki da wuri da kin rayu ba, domin wannan ba ni da dalilin da zan kafa shi. Abin da zan iya tsayawa a kansa shi ne, wata huɗu kina yawo da ciwo a kanki a cikin garin da kika koyar da rabin mutanensa, kuma hanci kawai aka yi miki aiki da shi.

Da labarin ƙarin ya iso, abin mamaki, sai ga shi kowa dama ya sani. Matar da ta tallafe ki a gidan burodi ta ce tun ranar ta ga idonki ba na mai maye ba ne. Waɗanda suka yi dariya a falonmu suka ce su dama jikinsu ya ba su. Ranar jana'iza coci ya cika har waje, furanni suka rufe akwatin.

Bayan an binne ki aka taru a zauren coci kamar yadda aka saba, aka raba gahawa mai ɗaci da busasshen burodi da ɗan finjalin barasa. Na tsaya ina kallon mutanen da suka kore ki saboda wari suna ɗaga finjali suna cewa Allah ya gafarta miki. Iya Zambeta tana zaune cikin baƙaƙen kaya, ni ina gefenta domin ta riƙe hannuna tun daga maƙabarta. Sai Malam Nikitas ya miƙe ya gyara murya. Ya ce kwamiti ya yanke shawarar sa wa ɗakin karatu na makaranta sunan Asimina Sigala, da allon marmara a ƙofa, domin a wanke duk abin da aka faɗa a baya.

Iya Zambeta ta ɗago kai ta ce, "Me aka faɗa?"

Ta sake tambaya, ba wanda ya amsa. Sai ta matse hannuna ta ce, "Maruso, 'yata ta ce ke ba kya ƙarya. Me aka faɗa?"

Na dubi babana, ya sunkuyar da kai. Na gaya mata. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ki yafe mini, Malama, kin ɓoye mata har kika tafi, amma ta tambaye ni a gaban mutane kuma na rasa wata hanyar.

Ta saki hannuna. Ta buɗe tafukanta biyu ta kawo su kusa da fuskarta ta daɗe tana dubawa, ita da ba ta gani sosai. Sannan ta ce, "Nikitas, zo nan." Ya matso. Ta ce, "Shekarar da huhunka ya kama, uwarka ba ta da ko ɗigo a gida, ni na kawo kwalbata. Da hannun nan na murza maka ƙirji kana ihu. Ka yi mako kana wari. Mashayi ne kai a lokacin?"

Ya ce, "Iya, ba mu sani ba."

Ta ce, "Gidana ba shi da ƙofa ne?"

Ya fara maganar allon marmara kuma, wai an riga an yi magana da mai sassaƙa. Ta miƙe da ƙyar, ta dafa kafaɗata, ta ce, "Sunan 'yata ya kwana ya wuni a bakinku tun kaka. Ya gaji. Ba zan ba ku shi ku rataya a bango ba, ku riƙa wucewa kuna jin kun biya. Ku bar mini shi in tafi da shi gida." Muka fita, gahawarta tana kan tebur ba ta taɓa ba. Ba wanda ya biyo mu.

Ita ce ta ce in rubuta wannan, ta ce kuma in rubuta cewa hannunta ne. Na rubuta domin ta umarce ni, amma ban yarda laifin hannunta ba ne, kuma na gaya mata. Tun ranar, duk sanda na je nakan same ta zaune da hannuwanta a ƙarƙashin zane.

Allah ya jiƙanki, Malama Asimina. Ya gafarta miki kurakuranki, ya sa ƙasa ta yi miki sauƙi, ya ajiye ki a wurin haske inda babu ciwo babu baƙin ciki. Ya saka miki da alheri kan kowane yaro da kika koya wa tsayawa ya yi tunani, da kowace yarinya da kika jira har ta yi magana. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗan'uwanki Iakovos da iyalinsa a Ostareliya, waɗanda nisa ya hana su riskar jana'iza, da 'yan ajinmu na ƙarshe, da duk wanda ya yi kukanki tsakani da Allah. Allah ya ba ku tsawon rai ku riƙa tunawa da ita.

Iya Zambeta, Allah ya ba ki haƙurin da ya fi ƙarfin mutum, ya sanyaya miki zuciya, ya sa ki fito da hannuwanki ki yafe musu. Sauran mutanen garin nan kuwa, har da na gidanmu, limamin coci ya ce mu yi musu addu'a su ma. Na gwada. Ban iya ba tukuna.

Maruso Vekri, ajin ƙarshe